Waɗanda suka taɓa zuwa Zanzibar da iyali, dan Allah ku ba mu labari

Bakatsine: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina son in kai uwargida da yara hutu Zanzibar in Allah ya kai mu hutun makaranta, na ga hotuna kam har na gaji, amma hoto ba ya gaya maka yadda ake samun biza, ba ya gaya maka ko gurin zai dace da mutum mai iyali. Wanda duk ya taka ƙasar da ƙafarsa ya taimaka ya faɗa mana abin da ya gani. Damuwata uku ce, biza da gurin sauka da kuma abinci. Nagode.

Alhajin Kantin Kwari: Wa alaikumus salam. Malam fara da biza tun yau, kar ka sayi tikiti tukuna. Zanzibar ɓangaren Tanzaniya ce tun haɗewar da suka yi a 1964, saboda haka bizar Tanzaniya ake nema, kuma mai fasfon Najeriya ba a buga masa a filin jirgi, muna cikin ƙasashen da sai takardarka ta je an duba an ba da izini na musamman kafin ka taso. Ta intanet ake cikawa, ka sa hoton fasfo da bukin ɗin otal, sai ka zauna jira, shi ya sa ake cewa a nema kamar wata biyu kafin tafiya. Mutanenmu na Nijar da Chadi ma haka tsarin yake a kansu. Bayan biza akwai inshorar dole da gwamnatin Zanzibar ta sa tun 1 ga Oktoban 2024, dala 44 babban mutum, ko kana da wata inshorar sai ka sayi tasu, ka biya tun daga gida ka fitar da takardar ka riƙe a hannu. Sai katin rigakafin shawara, kowa da nasa har yara, ni dai an tambaye ni kafin ma a kalli fasfo ɗina. Na bi jirgin Ethiopian ne daga Kano, muka sauka Addis muka canza jirgi zuwa Zanzibar kai tsaye.

Maman 'yan biyu: Alhaji ya gama magana kan takardu. Ni gurin sauka zan yi magana a kai don wlh shi ne ke gyara tafiyar ko ya ɓata ta, kuma ba wanda yake faɗa maka. Tsibirin nan gabashinsa daban arewacinsa daban. Mu Jambiani muka fara sauka, ta gabas, gurin akwai kyau ba a magana, yashi fari tas ga bishiyoyin kwakwa ga shiru, to amma ruwan teku a can janyewa yake yi sau biyu a rana, ka tashi da safe ka ga ruwa har gindin otal, kafin azahar ya yi nisa har sai ka hango shi can kamar wani zare, abin da ya rage sai taɓo da duwatsu da ƙananan kududdufai. Yarana sun sa kayan wanka sun fito da murna suka tarar ba ruwa, ƙaramar har da kuka. In ruwan ya janye matan ƙauyen suke fitowa, zani ɗaure a ƙugu, su shiga gonakinsu na ciyawar teku, sun kafa 'yan turaku a jere sun ɗaura igiya ciyawar na girma a jiki, su tsinka su ɗauko a buhu a ka su shanya a bakin gida. Na bi wata dattijuwa har cikin gonarta, ba na jin yarenta ba ta jin nawa, amma da na yi mata sallama ta amsa ta kama hannuna ta nuna min yadda ake ɗaurin. Wannan kam na ji daɗinsa sosai. Amma in wanka yara suke so a kowane lokaci to Nungwi ko Kendwa ta arewa, can ruwan ba ya gudu haka, da muka koma can ne suka more. Kuma ka saya musu takalmin roba na shiga ruwa, akwai bushiyar teku baƙa mai dogayen ƙayoyi tana ɓuya a tsakanin duwatsu, in ta soki ƙafa ƙayar karyewa take a ciki.

Bakatsine: Hajiya Allah ya saka da alheri, wlh da Paje na yi niyya saboda na ga otal ɗin can sun fi sauƙi. Ita ma gabas ce ko?

Maman 'yan biyu: Eh maƙociyar Jambiani ce, ruwansu ɗaya. Paje ma ta fi cika da samarin Turawa masu wasan da iska ke jansu a kan ruwa. Sai dai fa ka sani Nungwi ma akwai hayaniya da kiɗa da dare ga shigar da ba za ka so yara su yi ta kallo ba, ka nemi otal da yake ɗan gefe ba tsakiyar bakin ruwan ba, ka tambaye su tun kafin ka biya ko suna da ɓangaren iyali.

Malamin islamiyya daga Zariya: Ni aiki ne ya kai ni Darussalam ta Tanzaniya, na ce ba zan dawo ban tsallaka Zanzibar ba, na hau jirgin ruwa mai gudu wajen awa biyu muka isa. Wanda ruwa ke juya wa ciki ya sha magani kafin ya hau, dawowa ta fi wahala don igiyar ruwan ta fi ƙarfi da yamma. Abin da nake son in tabbatar maka Malam shi ne ta fuskar addini hankalinka zai kwanta, mutanen tsibirin kusan dukkansu Musulmi ne, kiran sallah za ka ji ta ko'ina, mata da hijabi yara da allunansu da littattafai suna tafiya madarasa da la'asar. Galibinsu Shafi'iyya ne, da asuba liman zai yi alƙunutu a bayyane bayan ɗagowa daga ruku'u mamu suna amin, kar ka rikice. Akwai kuma masallatan Ibadawa jikokin mutanen Oman, su sakin hannu suke a sallah. Abin da ya fi ba ni mamaki alƙibla, mu da muka saba fuskantar gabas, a can arewa ake kallo don Makka tana arewa da su ne kai tsaye, in kana ɗakin otal ka duba manhajar waya ko ka tambayi ma'aikata kar ka bi fitowar rana.

Na je Kizimkazi can kudancin tsibirin musamman don in ga tsohon masallacin nan, a jikin mihirabinsa akwai rubutun Kufi, tsohon salon rubutun Larabci, mai ɗauke da shekara ta 500 bayan hijira, wato 1107 miladiyya. Ƙaramin gini ne, ba wani ado a waje, amma tsayawa a gurin da aka fi shekara 900 ana sujada a cikinsa ba ƙaramin abu ba ne. Yawancin masu kai baƙi Kizimkazi kifin dolfin suke kai su gani su wuce masallacin, sai ka ce da direba ya tsaya.

'Yar Damagaram: Sannunku. Ni cikin tsohon garin na fi so, Stone Town, kuma ina ba ku shawara ko kwana kaɗan ne ku yi a ciki kafin ku wuce bakin ruwa. Lungunansa sak cikin Birni na Damagaram, matsattsu mota ba ta shiga sai babur da keke, kana tafe ka ji ƙamshin turaren wuta daga wani gida, ga dattawa zaune a dakali suna shan gahawa a ƙananan kofuna. Ƙofofin gidajen su ne abin kallo, katako mai kauri an sassaƙa shi da furanni da ayoyi, wasu an kafa musu ƙusoshin tagulla manya manya. UNESCO ta sa garin cikin kayan tarihin duniya a 2000. Babban gidan nan da Sarki Barghash ya gina a 1883, Beit al-Ajaib, wani ɓangarensa ya rufta a Disamban 2020, lokacin da na je a killace yake ana gyara, daga waje kawai muka gani. Amma gurin da ya tsaya min a rai shi ne tsohuwar kasuwar bayi da aka rufe a 1873 aka gina cocin Angilika a kanta. Akwai ɗakuna a ƙarƙashin ƙasa da ake nuna wa mutane, rufin ƙasa ƙasa sai ka sunkuya, 'yar taga siririya, iska da ƙyar, a waje kuma an yi gumakan mutane a cikin rami da sarƙa a wuya. Na fito jikina a sanyaye. Ku kai manyan yaran su gani su ji bayani, ƙanana dai a bar su a waje.

Ango: Abinci kuwa ba ka da matsala Yaya. Shinkafa ce dai, pilau da biryani da kifi da miyar kwakwa, ga chapati da shayi mai kayan ƙamshi da safe. Da magariba ku je Forodhani, filin da ke bakin ruwa gaban tsohuwar ganuwa, nan masu abinci suke jera tebura su kunna fitilu, akwai tsirensu da suke kira mishkaki, akwai urojo wani romo mai tsami da dankali a ciki, akwai abin da suke cewa fizar Zanzibar, ƙullin fulawa ne ake zuba nama da ƙwai a ciki a soya a kan faranti, amarya ta fi son wannan. Ruwan rake kuma a gabanka za a matse da citta da lemun tsami. Shawarata biyu, ka tambayi kuɗi kafin a ɗora maka a wuta, sannan kayan teku da aka jibge a tebur kar ka ɗauki wanda ka ga ya daɗe a ajiye, ka zaɓi mai suya da layin 'yan gari a gabansa. Yaji kam ku tafi da naku daga gida, nasu bai kai ba. A manyan otal na bakin ruwa ana sayar da giya, wasu har da naman alade a teburin karin kumallo saboda Turawa, tambaya kawai za ka yi a nuna maka.

Hajiyar Maraɗi: Ban ga wanda ya ambaci gonar kayan ƙamshi ba, ni kuwa ita ce ta biya min kuɗin jirgina. Ina sayar da kayan yaji shekara da shekaru amma ban taɓa ganin kanumfari a bishiyarsa ba sai can wajen Kizimbani, ashe tohon fure ne ake tsinka tun bai buɗe ba a shanya har ya yi baƙi. Yaron da ke zagayawa da mu ya ɓare bawon wata bishiya ya miƙo min, ina sunsuna na ce kirfa, ya tona saiwar kurkum ya goga min a tafin hannu ya yi rawaya, masoro kuma ashe yaɗo yake yana hawa jikin wata bishiyar. Amma saye kam ki bari sai kasuwar Darajani a cikin gari, uwargidan Malam nake wa magana, can ya fi araha kuma ana ciniki sosai. Kar ku zo da leda a jaka, an hana ta a Tanzaniya tun 2019.

Ɗan Kumasi: Yara za su so tsibirin Changuu, wanda ake cewa Prison Island, kwale-kwale mai inji kamar rabin awa daga gari. Kunkuru ne manya da aka kawo kakanninsu daga tsibiran Seychelles a 1919, wasu sun haura shekara ɗari, ɗana ya tsaya kusa da ɗaya kunkurun ya kai masa ƙugu. Sai dajin Jozani mai jajayen biran da babu irinsu sai a Zanzibar. Magana ɗaya dai, duk kwale-kwalen da za ku hau ka ƙirga rigunan ceto da idonka kafin ku tashi, ka ce a kawo na yara daidai jikinsu, in mai jirgi ya ce babu ka sauka ka nemi wani, suna da yawa. Masu tare mutum a bakin ruwa suna tallan yawo kuma ba sa gajiya, ka ce musu ka gode ka wuce, in za ka yi ciniki da su kar ka ba da kuɗi duka sai kun dawo.

Alhajin Kantin Kwari: Na manta ban faɗa ba, dalar da za ka riƙe ta zama sabuwar bugawa mai tsabta, tsofaffin takardu 'yan canji ba sa so, ka canza zuwa shilin a cikin gari don ƙananan sayayya. Otal kuma suna karɓar harajin gwamnati na kowane dare a kan kowane mutum, wani lokacin ba ya cikin kuɗin da ka gani a intanet, ka tambaya. Soket ɗinsu irin namu ne mai baki uku. Agogonsu yana gaban na Najeriya da awa biyu, sannan su 'yan gari daga fitowar rana suke fara ƙirga awa, ƙarfe 7 na safe ita ce ƙarfe ɗaya a bakinsu, to in kun yi alƙawari da direba ka nuna masa lokacin a fuskar waya ku tabbatar.

Bakatsine: Kai jama'a na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Saura lokaci, hutun yara na Afrilu nake tunani ko kuma dogon hutu.

Maman 'yan biyu: A'a Malam bar Afrilu, daga Maris zuwa Mayu damina ce babba a can, ruwa kamar da bakin ƙwarya, wasu otal ma rufewa suke. Dogon hutu ya fi, Yuli da Agusta ba ruwan sama sosai ga iska mai daɗi, sai dai lokacin ne Turawa suke cika gurin kuɗin ɗaki ya hau, saboda haka ka kama ɗaki da wuri irin wanda za a iya sokewa kyauta in bizar ta yi jinkiri. Ka tafi da maganin sauro na shafawa, kuma ka biya asibiti a ba ku shawara kan maganin zazzaɓi kafin ku tashi tunda da yara ne.