Kalma ɗaya ta jawo mini zargi a wurin aiki, ku ba ni shawara

'Yar Maradi: Assalamu alaikum 'yan uwa. A Maradi na yi karatuna kaf da Faransanci, aure ne ya kawo ni Kano shekara uku ke nan, Ingilishi kuma a nan na tsince shi. Ina koyarwa a wata makarantar kuɗi. Mahaifin wani ɗalibina ya nemi mu zauna kan sakamakon yaron, na tura masa saƙo cewa rendezvous ɗinmu gobe ƙarfe 4. Matarsa ta gani, ta zo makaranta tana zage-zage. Wallahi a wajenmu ko ganin likita rendez-vous ne. Shugabar makaranta ta ce in rubuta takardar ban haƙuri. In rubuta?

Malam Bazazzagi: Malama, kada ki rubuta komai. Tun 1066 da William na Normandi ya ci Ingila da yaƙi, Faransanci ya zama harshen fada da kotu, sai a 1362 aka yi dokar a riƙa shari'a da Ingilishi. Aron kalmomin Faransanci ya zame wa masu jin Ingilishi jiki, kuma in sun ara sai su karkatar da ma'ana. Rendezvous a bakinsu yakan nufi haɗuwar masoya a ɓoye. Entrée a Faransa abin buɗe ciki ne, a Amurka shi ne babban abinci. Résumé taƙaitawa ce, Amurkawa suka mai da ita takardar neman aiki. Ki kai wa shugabar ƙamus.

Maman Biyu: Malam, ƙamus ba ya kashe kishi. Ni ma da irin wannan saƙon aka fara, yau ina da abokiyar zama. Ki ba ta haƙuri kawai.

Ɗan Damagaram: Haka aka yi ta yi mini dariya a jami'a don na ce encore ina nufin "har yanzu", ashe a Ingilishi kira ne ga mawaƙi ya ƙara wata waƙa. Har yau abin na ci mini rai.

'Yar Maradi: Maman Biyu, in na rubuta ai na amsa laifi ke nan. Kalmar nan ta harshen da na yi karatu da shi ce, ban yi kuskure ba.

Malam Bazazzagi: Shi ne maganata. Masu zargin naki ma RSVP suke bugawa a katin biki, ba su san répondez s'il vous plaît ba ne, Faransanci ne mai nufin "don Allah a ba da amsa".

Maman Biyu: Maigidanki ya san zancen kuwa?

'Yar Maradi: Ba wannan na tambaya ba, Yaya. Ranar Litinin ake jiran takardar.