Sojojin Indiya da suka mutu a yaƙin Turawa: jarumai ne ko sojojin haya?

Malam Ɗanjuma: Assalamu alaikum jama'a. A Janairun 2022 gwamnatin Indiya ta ɗauke wutar tunawa da sojoji daga gindin India Gate a Delhi, ta mayar da ita sabon dandalin da aka buɗe a 2019 don waɗanda suka mutu bayan samun 'yancin kai. Ni na ce ta yi daidai. Turawa ne suka gina ƙofar nan, kuma sunaye sama da 13,000 da ke jikinta na mutanen da suka mutu ne suna yi wa Sarkin Ingila yaƙi. Wanda ya ɗauki bindiga don albashin ɗan mulkin mallaka sojan haya ne, ba gwarzon ƙasa ba.

Hajiya Rabi: Wa alaikumus salam. Malam, kalmar nan ta yi nauyi a kan mamaci. A yaƙin duniya na farko an kwashi Indiyawa sama da miliyan ɗaya zuwa ƙasashen waje, kusan 74,000 suka rasa rayukansu. Da yawa 'ya'yan manoman Panjab ne. Aka sauke su a Faransa a ƙarshen 1914 da kakin ƙasar zafi, hunturu ya same su cikin ramukan yaƙi da taɓo har gwiwa. Yaron da bai taɓa ganin teku ba, shi ya san rigimar Jamus da Ingila?

Malam Ɗanjuma: Hajiya, ina tausayinsu. Amma ranar 13 ga Afrilun 1919 a Amritsar, da aka buɗe wa taron fararen hula wuta, Janar Dyer umarni kawai ya bayar. Yatsun da suka ja kunamar bindiga na sojojin rundunar Indiya ne. Mutum 379 aka kashe a ƙidayar Turawan da kansu, Indiyawa kuwa sun ce abin ya fi haka nesa ba kusa ba. Kuma su aka tura Iraƙi suka yaƙi Daular Usmaniyya, Musulmi na harbin Musulmi. Wannan ma sai mu ajiye masa furanni?

Aminu: Malam, a yi mini afuwa in sa baki. Sojan haya shi ke zaɓen ubangidansa, ya yi ciniki. A Panjab kuwa, zamanin gwamna Michael O'Dwyer, ƙauyuka aka riƙa yanka wa adadin samarin da za su kawo, dagatai na matsa wa talakawa lamba. Kuma ba duka suka yi biyayya ba. A Fabrairun 1915 wata bataliyar Musulmin Indiya ta yi bore a Singafo, saboda raɗe-raɗin za a kai su yaƙi da Turkiyya. Aka harbe sama da 40 daga cikinsu. Ragowar aka turo su nan maƙwabta, Kamaru, suka yaƙi Jamusawa.

Baba Isa: Ɗanjuma, tun ɗazu nake karantawa ina haɗiye magana. To, mahaifina ma sojan haya ne ke nan. Yana cikin runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma da aka kai ƙasar Bama (Myanmar ta yau) a yaƙin duniya na biyu. A Bombai jirgin ruwansu ya tsaya, daga nan sai dajin Kaladan, da kaya a ka, ruwan sama ba dare ba rana. Har ya rasu yana ba mu labarin wasu Indiyawa Musulmi da suka riƙa yin sallah tare. Ba ya jin yarensu, ba sa jin Hausa, amma da an kabbara kowa ya san wurin tsayuwarsa a sahu. Bai taɓa ce mana ya je kare Ingila ba. Cewa yake hakimi ya nemi mutane, aka nuna gidanmu. Ya dawo da lambar yabo da ciwon ƙirji. Yau akwai barikin Dalet a Kaduna, akwai Chindit a Zariya, duk sunayen yaƙin nan ne. Amma abokan tafiyarsa uku daga garinmu da suka kwanta a can, ban da ni ban san mai iya faɗin sunansu ba yanzu.

Malam Ɗanjuma: Baba, Allah ya huci zuciyarka. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Ban faɗa don in taɓa shi ba.

Hajiya Rabi: Amin. Maganar Baba ita ce abin da ke damuna. A dandalin tunawa na Basara da ke Iraƙi an rubuta sojojin Ingila ɗaya bayan ɗaya da sunansu, ƙananan sojojin Indiya kuwa jimilla kawai aka sa, bataliya kaza mutum kaza. A 2021 hukumar kula da kaburburan sojojin ƙasashe renon Ingila ta amsa da bakinta cewa aƙalla mutum 116,000, yawanci 'yan Afirka da Masar, ba a rubuta sunansu ba, kuma ta nemi afuwa. Bature ya mai da su lamba. Idan jikokinsu ma suka juya musu baya don kunyar wanda suka yi wa aiki, wa ya rage musu?

Malam Ɗanjuma: Na yarda a rubuta sunan kowa, kuma na janye kalmar haya a kan wanda aka ɗauka ala tilas. Amma gwarzo ba zan ce ba. In za a yi bangon sunaye, a fara da mutanen Amritsar da waɗanda aka harbe a Singafo.

Aminu: A haɗa su duka, Malam, bangon zai ɗauka. Baba, in ka yarda zan zo ranar Asabar in ɗauki hoton lambar, in rubuta sunayen mutum ukun da unguwanninsu.

Baba Isa: Ka zo bayan la'asar, yarona. Takardar sallamarsa ma tana nan cikin adaka, sai dai gara ta ci gefe ɗaya.