Kwabon 1936 mai huji a karkace: daga masana'anta ne ko lalacewa ce?

Ɗan Kurmi:
Assalamu alaikum. A cikin tsofaffin kuɗin da mahaifinmu ya bari akwai kwabo ɗaya na British West Africa na shekarar 1936, mai ɗauke da sunan Sarki Edward na takwas, sai dai hujinsa ya kauce daga tsakiya har ya ci wani ɓangare na tauraron da ke bayansa. Wani dillali ya ce mini kuskuren bugu ne mai tsada, wani kuma ya ce yara ne suka ɓata shi. Ta yaya zan tantance gaskiyar lamarin?

Mai Tara Tsaba:
Wa alaikumus salam, Malam. Sunan sarkin kaɗai ba ya sa kwabon ya yi tsada. Gaskiya ne Edward ya hau mulki a Janairun 1936 ya sauka a Disambar shekarar, kuma ba a fitar da kuɗi masu hotonsa a Ingila ba, amma kwabo da ɗari (rabin kwabo) da anini (kashi ɗaya cikin goma na kwabo) na Afirka ta Yamma suna kawai suke ɗauke da shi ba tare da hoto ba, an kuma buga su da yawan gaske.

Hujin shi ne abin dubawa. Idan injin masana'anta ne ya kauce, hujin zai kasance da'ira cikakkiya, girmansa daidai da na sauran kwabbai, bakinsa sumul, kuma in kaucewar ta yi nisa, ƙarfen da ke ainihin tsakiyar tsabar yana nan ba a taɓa shi ba. Idan kuwa zare ne ya ci shi saboda daɗewa a rataye, ko wani ya faɗaɗa shi da ƙusa, za ka ga hujin ya yi tsawo kamar ƙwai, asalin hujin tsakiya yana nan a cikinsa, wani lokaci har da ƙarfen da ya tattaru a baki ta fuska ɗaya. Ka ɗora shi a kan wani kwabo lafiyayye ka leƙa ta hujin.

Malama Zazzau:
Ina ganin kafin a kai ga batun huji ya kamata a fara tabbatar da cewa tsabar bugawa aka yi, ba zubi irin na jabu ba. Ta zubi takan fito da ƙananan ramuka a fuska, haruffanta ba su da kaifi, kuma sau da yawa akwai siririn layi a kewayen gefenta inda mazubin ya haɗu. Kwabon wancan lokaci haɗin jan ƙarfe ne da nikel, maganaɗisu ba ya kama shi, nauyinsa kuma kimanin giram tara da rabi ne, wanda ma'aunin masu sayar da zinariya zai nuna maka. Ka nemi ƙaramin harafin H ko KN, alamun masana'antun Birmingham da suka buga wasu daga cikinsu. Rashin harafi ba aibu ba ne.

Ɗan Kurmi:
Na gode ƙwarai. Na gwada shi da wani kwabo, hujin da'ira ne kuma tsakiyar a toshe take. Shin in goge shi da lemun tsami da toka kafin in ɗauki hoto?

Mai Tara Tsaba:
Kada ka kuskura, Malam. Toka tana barin ƙananan zane a fuskar tsaba, kuma masu saye suna rage wa wadda aka goge daraja sosai. Ka ɗauki hoton fuska biyun da na gefe a hasken rana, ka ɗora mana tare da nauyinsa.