Waɗanda suka koma Ubuntu, ya kuka ƙare da layin sama da wurin buɗe manhajoji?

Mai Shagon Buga Takardu

Assalamu alaikum 'yan uwa. Sati uku ke nan da ƙanena ya sa mini Ubuntu 24.04, wato tsarin da ke tafiyar da kwamfuta a madadin Windows, a tsohuwar laftof ɗin shago. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: ranar 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ta rufe tallafin Windows 10, na'urar tawa kuma ba ta da TPM 2.0, wani ɓangaren tsaro da Windows 11 ke nema, kuɗin sabuwa kuwa babu su a ƙasa.

Ranar farko wani bawan Allah ya zo a buga masa takardar neman aiki, yana tsaye a kaina yana sauri. Hannuna da ya saba ya tafi kusurwar ƙasa ta hagu, na danna tambarin da na gani a wurin, sai gaba ɗaya fuskar kwamfutar ta cika da tambarin manhajoji, takardar da nake bugawa ta ɓace. Gabana ya faɗi, don na kusa gamawa ban adana ba. Sai da na kira ƙanen nawa a waya ya ce in danna Esc, takardar ta dawo yadda na bar ta. Har yau kuma idan aka tambaye ni ƙarfe nawa, ƙasa nake fara dubawa, alhali agogon yana can sama a tsakiya.

Ina roƙon duk wanda ya bi ta wannan hanyar ya faɗa mana yadda ya saba, da abin da ya gano a baƙin layin nan na sama da kuma jerin da ke gefen hagu.

Tsohon Hannu

Wa alaikumus salam Malam. Ni tun zamanin Unity, tsohon tsarin fuskar allonta, nake kan Ubuntu, na ga lokacin da suka bar ta suka koma GNOME, tsarin fuskar da kake gani yanzu, a fitowar 17.10, shekarar 2017. Abu ɗaya zan ba ka, in ka riƙe shi ka huta: madannin nan mai tambarin Windows da ke tsakanin Ctrl da Alt. A nan sunansa Super. Danna shi sau ɗaya, kada ka taɓa linzami, ka fara rubuta sunan abin da kake so. Ka rubuta "wri", LibreOffice Writer zai fito, ka danna Enter. Ka rubuta "print", wurin saita firinta zai fito. Kai, ko lissafi ne, rubuta 35*120 a wurin, amsar za ta bayyana ba tare da ka buɗe kalkuleta ba, wanda ga mai lissafin shafi-shafi kamar kai ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Kuskuren da sababbin zuwa ke yi shi ne ɗaukar layin sama a matsayin layin ƙasa na Windows da aka mayar sama. Ba aikinsu ɗaya ba. Shi ba ya nuna tagogin da ka buɗe. Kashi uku ne kawai: hagu don ganin duk abin da ke buɗe, tsakiya agogo da kalanda da saƙonni, dama kuma intanet, sauti, batir da kashewa. Manhajojin da ke aiki a jerin gefe za ka gan su, kowace da ɗan ɗigo kusa da ita.

Malamar Sakandare

Gaskiya ne Baba. Ni abin da ya fara ruɗa ni shi ne bidiyon koyarwa da nake kallo duk suna cewa a danna kalmar "Activities" a sama ta hagu, ni kuma na duba na duba ban ga wata kalma ba, sai wani ɗan farin tsayi da ɗigo a gefensa. Daga baya na fahimci bidiyon na Ubuntu 22.04 ne. Tun GNOME 45 da ta fito a 2023 aka cire kalmar aka sa waɗannan ɗigogin, su ne ke nuna fagen aiki nawa ka buɗe (wato fuskokin allo daban-daban da ake raba tagogi a kai) da wanda kake ciki. Aikinsu dai ɗaya, in ka danna su daidai yake da danna Super.

Amma abin da nake so in faɗa a kan agogon ne. Wata rana na haɗa laftof da majigi ina nuna wa 'yan aji uku taswirar kogin Neja da Binuwai, sai saƙon yayata ya faɗo a saman allo, yara arba'in da wani abu suna karantawa, maganar rashin lafiyar mahaifiyarmu ce. Raina ya ɓaci ƙwarai, don ba maganar da ta kamata yara su gani ba ce. Da na koma gida na danna agogon nan, ashe a ƙarƙashin jerin saƙonni akwai wani maɓalli, "Do Not Disturb". In ka kunna shi saƙo ba ya faɗowa, yana taruwa a ciki sai ka zo ka duba. Yanzu kafin in sa wayar majigi shi nake fara kunnawa. Duk malamin da ke nan don Allah ya kiyaye wannan.

Ɗan Damagaram

Sannunku da ƙoƙari. Mu a nan Nijar matsalarmu daban ce kaɗan. Laftof ɗina madannansa na Faransanci ne, AZERTY, ina kuma rubuta labarai da Hausa. Shekara da shekaru ina rubuta kasa a wurin ƙasa, dan a wurin ɗan, ina jin ciwon abin a raina, don wanda ya san harshen ya san bari da ɓari ba abu ɗaya ba ne.

A cikin Settings, ɓangaren Keyboard, akwai wurin ƙara harshen rubutu. Na nemi Hausa na samu har iri biyu, na Najeriya da na Gana. Da na ƙara, sai wata 'yar alama ta bayyana a layin sama ta dama, tana nuna "fr" in ina Faransanci, "ha" in na koma Hausa. Super da Space tare su ke sauyawa. Ku lura, alamar ba ta fitowa sai harshen ya wuce ɗaya, kada wani ya neme ta ya rasa ya ce babu. In ka danna ta kuma akwai zaɓin da ke zana maka hoton madannan duka, ka ga inda ƙ, ɗ, ɓ da ƴ suke zaune. Ni hoton na ɗauka da waya, na jingina ta kusa da laftof har yatsuna suka haddace. Ranar da na fara buga shafi guda cur da ƙugiyoyinsa a cike, na daɗe ina kallonsa, wallahi na ji daɗi har cikin zuciyata.

Mai Shagon Buga Takardu

Allah Ya saka da alheri Malam, wannan ta taɓa ni kai tsaye. Ana kawo mini katin biki da sanarwar masallaci da Hausa, da sai dai in kwafo haruffan daga intanet ɗaya bayan ɗaya. Yanzu na gwada, "ha" ta fito a sama. Malama ke ma na gode, Allah Ya ba Mama lafiya.

Saura guda: in na danna tambarin manhaja a gefe tana buɗewa, amma in na sake dannawa ba ta sauka kamar yadda na saba.

Ɗalibin Kimiyyar Kwamfuta

Amin. Yallaɓai haka suka tsara shi tun asali, amma ana canzawa. Buɗe Terminal, wato tagar rubuta umarni, da Ctrl, Alt da T, ka rubuta wannan daidai yadda yake:

gsettings set org.gnome.shell.extensions.dash-to-dock click-action 'minimize'

Shi ke nan, dannawa ta biyu za ta riƙa saukar da tagar. Shi kansa jerin ba dole ya zauna a hagu ba. A Settings, ɓangaren Ubuntu Desktop, za ka iya mayar da shi ƙasa, ka rage girman tambarin, ko ka sa ya riƙa ɓuya in taga ta matso shi. Na yi wa mahaifina haka, na mayar masa ƙasa, daga ranar bai sake kira na a kan maganar ba.

Wanda kuma zai gwada Fedora, wani tsarin irin Ubuntu, ya shirya: GNOME ɗin can babu jerin gefe, sai ka danna Super jerin ke fitowa a ƙasa, tagogi ba su da maɓallin saukarwa, kuma linzami na taɓa kusurwar sama ta hagu komai zai baje. Ubuntu ta kashe wannan kusurwar, ta kuma ƙara jerin gefen da kanta.

Tsohon Hannu

Ɗana na yarda da kai a kan umarnin, amma ban goyi bayan a yi saurin mayar da jerin ƙasa ba. Fuskar laftof faɗi gare ta, tsayi ne ya yi mata kaɗan. Layin sama ya ci nasa, in ka ƙara wani a ƙasa, mai buga takarda ya rasa layi biyu ko uku na abin da yake gani. Malam ya ba shi wata guda a hagun tukuna. Abin da ya fi amfani shi ne ya gyara jerin: danna-dama a kan abin da ba ya buƙata ya cire, wanda yake buɗewa kullum ya zaɓi "Pin to Dash", ya ja su da linzami ya jera. Daga nan Super da 1 na buɗe na farko, Super da 2 na biyu, har zuwa 9.

Maman 'Yan Biyu

Ni ɗinki nake yi, a laftof nake ajiye awon mutane da hotunan samfuri, kuma unguwarmu wuta sai a hankali. Hoton batir ɗin da ke sama ba ya faɗa maka gaskiyar abin da ya rage, sau biyu tana mutuwa ina tsakiyar nuna wa amarya ɗinki. A Settings, ɓangaren Power, na kunna "Show Battery Percentage", yanzu lamba nake gani ƙarara. Da an ɗauke wuta sai in danna kusurwar dama, in sa Power Saver, in ja hasken allo ƙasa, in kashe Bluetooth, duk a wuri ɗaya.

Maigidan kuma yana aiki a Jidda, na sa manhajar Clocks na ƙara garin, in na danna agogo ina ganin lokacinsu a ƙarƙashin kalanda, awa biyu suke gabanmu. Na daina kiransa yana tsakiyar sallar isha'i.

Mai Shagon Buga Takardu

Hajiya na kunna lambar batir yanzu, 41 take nunawa, ni da nake zaton ta fi rabi sosai. Baba na bi shawararka, jerin yana nan a hagu. Writer na sa a 1, fayiloli a 2, manhajar sikana a 3, Firefox a 4, sauran na cire. Umarnin ɗalibinmu kuma sai ƙanena ya zo da yamma mu rubuta tare, kada in kuskure harafi.