Kafin ka kai tsohuwar kyamara gwanjo

Masu tara kyamarorin da ke ɗaukar hoto a kan farantin gilashi ko ƙarfe sun fi nanata abu guda: tsufa kaɗai ba ya kawo kuɗi. Kyamarar da Bafaranshe Alphonse Giroux ya ƙera a 1839 da aka sayar Yuro 732,000 a Vienna a 2010 tana cikin na farkon da aka ƙera don kasuwa, shi ya sa ta yi tsada haka. Yawancin na wajen 1900 kuwa birjik suke, kuɗinsu kaɗan ne.

Sun ce a duba sunan maƙeri da lambar gilashin gaba, a haska tocila cikin zugazugin (ɓangaren da ke naɗewa tsakanin gilashin gaba da bayan kyamarar) a ga ko ya huje. Kada a goge tagullar jikin kyamarar ta yi ƙyalli, masu saye ba sa so. A lissafa la'adar gidan gwanjo tun da wuri.