Neman kalma: me za mu kira raunin tunanin tsofaffi, da awon nan na IMC?

Salamu alaikum ƴan uwa, taimako nake nema. An ba ni takardar Faransanci in mayar Hausa saboda wani zaman mata a nan Maradi, kan alaƙar ƙiba da raunin tunani a tsufa. Wuri biyu na cije: abin da suka kira déclin cognitif, wato raunin tunani, da haruffan nan uku, IMC, taƙaitaccen sunan wani awon jiki da Faransanci.

Na farkon ya fi ci mini rai, don a gidanmu yake. Innata a Bagalam, matar da ke lissafin kuɗin tiya arba'in na gero da ka, yanzu sai ta tambaye ni sau uku ko ta yi la'asar. Ran nan a cikin kwanon tuwo muka tsinci mabuɗin ɗakinta. Duk wanda ya shigo gaisuwa sai ya ce gigin tsufa ne. Na ƙi wannan suna. Da zarar an faɗe shi an rufe magana, ba mai tunanin asibiti. Alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ba dole tsufa ya zo da wannan ba, kuma masu matsanancinsa sun haura miliyan 55, fiye da kashi 60 cikin ɗari a ƙasashe marasa ƙarfi da masu matsakaicin hali. Matsanancin nan Faransawa na ce masa démence, wasu kuma su fassara shi hauka. Wallahi Inna ba mahaukaciya ba ce.

Wani malamin makaranta ya ce in sa mantuwa kawai. Na gode malam, amma ta yi kaɗan. Lissafi ma yana tafiya, kalma ta maƙale a baki, mutum ya ɓata a lungun da ya girma. Ni dai na karkata ga dusashewar tunani, kamar fitila in mai ya yi ƙasa. Ciwon mantuwa mu bar wa matsanancin, tunda kunne ya saba da shi.

Sai IMC. Kusan kowa ya ce ma'aunin ƙiba, kuma nan ne na fi jin tsoro. Wannan awo ba ya ganin kitse. Nauyi ne a kilo, a raba da tsayi sau tsayi a mita: mai kilo 70 da tsayi 1.60 zai samu 27 da ɗoriya. Daga 25 nauyi ya wuce kima, daga 30 ƙiba. Wani ɗan Beljiyam, Adolphe Quetelet, ya tsara lissafin tun shekarun 1830. Ku ɗora ɗan kokawa a sikeli, lamba za ta hau alhali tsoka ce zalla. Tsoho kuwa tsoka ta zube, kitse ya taru a ciki, sikeli bai motsa ba.

Kwamitin mujallar likitoci ta Lancet a 2020 ya sa ƙibar tsakiyar rayuwa cikin abubuwa 12 da ke ƙara haɗarin ciwon mantuwa. To amma a tsufa labari yakan juya: rama takan fara shekaru kafin a gane ciwon. Zanen Inna ya daɗe yana yi mata yawa, mu muna cewa rashin cin abinci ne kawai. In muka ce ma'aunin ƙiba, mata za su tashi da cewa ramammen tsoho ya tsira. Shi ya sa na zaɓi awon nauyi da tsayi. Bai yi daɗin baki ba, amma bai yi ƙarya ba.

Wata yaya mai ɗinki ta gyara mini ɗaya. Na rubuta awon ƙugu, ta ce mata za su auna inda jigida ke zama. Gaskiyarta. Awon ciki za mu ce, saman cibiya kaɗan: haɗari ga lafiya yana ƙaruwa sosai in ya wuce santimita 88 ga mace, 102 ga namiji. In babu tef, a yanki igiya daidai tsayin mutum, a ninke ta gida biyu ta zama rabi, a ga ko ta zagaye cikin; in ba ta kai ba, cikin ya yi yawa.

Dattawan Tibiri da Gidan Rumji, ko akwai tsohuwar kalma a Gobiranci ko Katsinanci da ta fi dusashewa? Ranar Asabar za a yi zaman.