Iyayenmu na cewa raki ne, mu kuma muna cewa zamani ne ya canja: wa ya fi gaskiya?

Mai tambaya, Unguwar Sanusi

Assalamu alaikum. Akwai gardamar da ba ta ƙarewa a gidaje da majalisun Kaduna. Waɗanda aka haifa tsakanin 1981 da 1996, yawancinsu yanzu magidanta ne da matan aure, kukansu haya, kuɗin makaranta, kuɗin mota da albashin da ke ƙarewa kafin 15 ga wata. Iyaye kuma su ce raki ne da son jiki, su da albashin da bai kai naira ɗari biyu ba suka yi aure, suka gina gida, suka riƙe ƙanne. Ta yaya za a auna maganar nan da lissafi? Kuma yaya mutum zai tsara abin da yake kai wa gida ba tare da an kira shi marowaci ko ya nutse cikin bashi ba?

Akanta, Kawo

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Inda gardamar ke ɓacewa shi ne ana kwatanta naira da naira. Dattijo ya ji ɗansa na karɓar dubu ɗari da hamsin sai ya ga tulin kuɗi, domin kunnensa ya saba da ɗari biyu. A ajiye adadin, a tambayi abin da kuɗin ke saya.

Ɗauki man fetur, tunda shi ke jan farashin komai daga kuɗin keke zuwa mudun masara a Kasuwar Bacci. A 1981, zamanin Shagari, mafi ƙarancin albashi naira 125 ne. A 1982 litar mai kobo 20 ce. Albashin ƙaramin ma'aikaci ke nan yana sayen lita 625. A 2019 albashin ya koma 30,000, lita tana 145, wato kimanin lita 206. An cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, aka ɗaga albashin zuwa 70,000 a 2024 (Kaduna ta sa 72,000), amma a ƙarshen shekarar lita ta haura dubu ɗaya. Lita 70 ke nan ko ƙasa da haka. Albashi ya ninka sau ɗaruruwa a takarda, abin da yake saya ya ragu kusan sau tara.

Abu na biyu da ake mantawa shi ne abubuwan da a da ba daga albashi suke fitowa ba. Ma'aikacin gwamnati ko na babban kamfani kan samu gidan zama ko kuɗin gida, asibitin ma'aikata, rancen mota, sannan garatuti da fansho a ƙarshe. Firamare kyauta ce tun shirin ilimin firamare ga kowa (UPE) na 1976, kuma makarantar gwamnati ake rububi. Yau magidanci ɗaya ne ke sayen ruwa wajen 'yan garuwa, ya biya kuɗin maigadin layi, ya sa kuɗi a mitar wuta sannan ya sayi man janareta, ya biya makarantar kuɗi sau uku a shekara. Fansho kuma tun 2004 ya koma na karo-karo: a dokar 2014 ana cire kashi 8 daga ma'aikaci, wanda ya ɗauke shi aiki ya sa kashi 10. Wanda ke aikin kwantiragi ko a ƙaramin kamfani sau da yawa ko wannan ba ya samu.

Ga misali, a ce 150,000 ke shiga hannu. Hayar 360,000 a shekara 30,000 ce a wata, kuma a ranar albashi ake ware ta, domin wanda ya jira sai wata biyu kafin wa'adi shi ne ke faɗawa hannun manhajojin bashi na waya. Hawa keke huɗu a rana a kan 300, kwana 22, ya kama 26,400. Fiye da kashi ɗaya cikin uku ya tafi ba a ɗora tukunya ba.

Game da gida, kuskuren da aka fi yi shi ne bayarwa ba tsari: yau an kira ka tura dubu biyar, jibi dubu goma, a ƙarshen wata ka kashe dubu arba'in amma babu wanda ya ga ka yi wani abu. A yanke adadi ɗaya, a sanar da iyaye, a tura rana ɗaya kowane wata. In da ƙanne masu samu, a raba nauyin da suna: wannan magani, wannan hatsi, wannan kuɗin makarantar auta. Hatsin kuma a saya buhu lokacin kaka, daga Nuwamba zuwa Janairu, ya fi awon mudu a tsakiyar damina sauƙi nesa ba kusa ba.

Tsohon ma'aikacin masaƙa, Kakuri

Malam akanta, lissafinka daidai ne, Allah ya ƙara basira. Amma yarana, kada ku ɗauka zamanin da duk zuma ne. Shekarun jin daɗin gajeru ne: daga ƙarin albashin Udoji a tsakiyar shekarun 1970 zuwa farkon shekarun 1980. Bayan nan a 1984 layi ake bi don sayen madara, sabulu da sukari, ga korar ma'aikata. A 1986 Babangida ya kawo SAP, shirin tsuke bakin aljihu, naira ta karye, albashi ya zama ba ya kai mako uku. Zamanin Abacha mota kan kwana a layin mai, alhali ga matatar mai a cikin garin nan tun 1980. Masaƙun Kakuri da suka ɗauki dubban mutane, Kaduna Textiles (KTL) da aka kafa 1957, Arewa Textiles, United Nigerian Textiles (UNTL), duk sun durƙushe a shekarun 2000, kuma mutane da yawa sun tsufa suna bin haƙƙinsu. In dattijo ya ce "mu ma mun sha", ba ƙarya yake ba.

Abin da na yarda da ku a kai shi ne ƙofar shiga. A da mai takardar sakandare kan je bakin ƙofar masaƙa ko kamfanin Peugeot ya samu aiki. Yau mai digiri ya gama bautar ƙasa ya shekara biyar yana yawo da takardu, bayan yajin aikin malaman jami'a ya cinye masa wata tara a 2020 da wata takwas a 2022. Wannan ba laifinsa ba ne, kuma duk uban da ya kira shi malalaci ya zalunce shi.

Inda ban yarda ba shi ne biki. Sadaki da walima addini ya sani. Yanzu ga kamu, ga dina a zauren haya, ga anko kala uku, ga akwatunan lefe da ake ƙirgawa a idon jama'a, ga mai hoto kafin aure. Yaro ya ci bashin shekara biyu don kwana huɗu, amarya ta tare a gidan da ba buhun shinkafa. Sai dai in za a faɗi gaskiya, rabin wannan matsin daga mu iyaye yake fitowa, musamman ɓangaren mata masu gudun gorin dangi. Gyaransa shi ne waliyyan biyu su zauna tun ranar sa rana su yanke: akwati nawa, taro nawa, sauran kuɗin a sa a haya da kayan abinci. In manya suka yanke, bakin 'yan gori ya mutu.

Ma'aikaciyar jinya, Barnawa

Baba, Allah ya ƙara girma, maganarka ta biki ba abin cirewa. Zan ƙara da ɓangaren da ba a gani a takardar lissafi.

A da gidan gandu ne: kaka na nan, matan wa da ƙani na nan, mace ta fita yaro yana hannun wani. Yanzu ma'aurata na haya a Rigasa ko Mando, aiki na cikin gari, ita ma matar tana koyarwa ko sayar da kaya ta waya saboda albashi ɗaya ba ya isa. Girki, raino, kai yara makaranta, jinyar surukai, duk a kanta, sannan a ce matan yanzu ba su da juriya. Ga fargabar hanya, tun harin jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna na 28 ga Maris 2022 da satar mutane a gefen gari.

Idan matashi ya ce yana cikin damuwa, a daina rufe bakinsa da "rashin tawakkali ne". Addu'a da magani ba sa karo. Alamun da ya kamata gida ya lura da su: rashin barci ko yawansa, daina cin abinci, guje wa mutane, saurin fushi, daina jin daɗin abin da ya saba so, in sun wuce mako biyu a jere. Wanda ya fara cewa gara ya mutu ya huta, a ranar za a kai shi asibiti, kada a bar shi shi kaɗai. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya yana nan Barnawa, kuma ba sai wanda ya fita hayyacinsa ake kaiwa ba. Abin da ke lalata lamarin shi ne ɓoyewa don kunya, har yaro ya koma maganin tari mai kodin ko tiramol don ya samu barci.

Hawan jini ma ya sauko kan 'yan shekara talatin da wani abu, kuma ba ya ba da sanarwa. A riƙa aunawa, bayan an zauna minti biyar. In ana samun 140/90 ko sama a ranaku daban-daban, a ga likita, kuma kada a daina shan magani don an ji sauƙi.

Akanta, Kawo

Hajiya ta tuna mini da abu biyu. Jinya ce ke rusa kasafin yawancin gidaje, don haka a yi wa iyaye rajistar inshorar lafiya ta jiha, KADCHMA, tana karɓar waɗanda ba ma'aikatan gwamnati ba, a biya na shekara gaba ɗaya cikin kason da aka ware musu. Sannan wanda ya rasa aiki ya yi wata huɗu bai samu wani ba, doka ta ba shi damar cirar kashi 25 na abin da ke asusun fanshonsa. Ya je wa kamfanin fanshonsa da takardar sallama daga aiki kafin ya taɓa manhajar bashi, wadda ke sa ruwa mai nauyi a kan kwana bakwai ko sha huɗu, in ka makara kuma ta bi lambobin wayarka da saƙon tozarci, har ta kai ga lambar mahaifinka.